Launin Asali ko na Gareji? Yadda Ake Gano Fentin Kamfani a Jikin Tsofaffin Motocin Ƙwanji na Amurka

A watan Janairun 2020, a garin Kissimmee da ke jihar Fulorida ta Amurka, kamfanin gwanjo na Mecum ya fito da wata tsohuwar mota gaban masu saye. Fentinta kore ne mai duhu, ya koɗe har ya daina sheƙi, ga tabon tsatsa nan da can a jikinta. Da a kasuwar motoci ta gari ne, dillali zai ce a fara kai ta wurin mai fenti kafin a yi maganar kuɗi. Amma a ranar an sayar da ita dala miliyan 3.74. Ita ce Ford Mustang ƙirar 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, kuma iyalan da suka riƙe ta tun 1974 sun bar fentinta yadda suka same shi.

Tarihin fim ɗin ne ya ɗaga farashin, babu shakka. Sai dai cinikin ya fito da ƙa'idar da ke tafiyar da kasuwar tsofaffin motoci: masu saye sun fi zuba kuɗi a kan abin da za a iya tabbatarwa fiye da abin da ke ƙyalli. Cikin abubuwan da suke son tabbatarwa kuwa, launi yana sahun gaba. Da wane launi motar ta fito daga kamfani sama da shekara hamsin da suka wuce? Amsar tana iya ƙara wa mota dubban daloli, tana kuma iya zabge mata su. Shi ya sa binciken ya zama fanni mai zaman kansa, da lambobinsa da takardunsa da na'urorinsa, wasu ma da wayar hannu ake haɗa su.

Wace ce motar ƙwanji?

Duk wanda ya kalli Fast & Furious ya san baƙar Dodge Charger ƙirar 1970 da Vin Diesel ke tuƙawa. Masu buga wasannin tsere irin su Need for Speed da Forza su ma sun saba da ire-irenta. Amurkawa na kiran irin wannan mota muscle car, wato mota mai ƙwanji. Jiki ne matsakaici mai ƙofa biyu, a cusa masa ƙaton inji mai silinda takwas, a sayar a farashin da matashi mai aikin yi zai iya biya.

Galibi ana ƙirga farkon zamaninsu daga 1964, shekarar da Pontiac GTO ta fito. A shekarar ne kuma Ford ya fito da Mustang. Daga nan gasa ta ɓarke: Chevrolet ya kawo Chevelle SS da Camaro, Dodge ya kawo Charger da Challenger, Plymouth ya kawo Road Runner da Barracuda. Zamanin bai yi tsawon rai ba. Kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, dokokin rage hayaƙi suka tsananta, sannan matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta rufe babin.

Abin da ya biyo baya shi ne tushen matsalar yau. A shekarun 1970 da 1980 waɗannan motoci sun koma tsofaffin kaya masu araha da ke shan mai. An yi karo da su, an canza musu ƙofa da bonet, kowane sabon mai ita ya fesa launin da ya ga dama. Kafin a farga cewa da tsohuwar zuma ake magani, da yawa daga cikinsu sun sha fenti biyu, uku ko fiye a kan na asali.

Lokacin da launi ya zama talla

Kamfanonin sun gane cewa matasa na son motar da za a hango daga nesa. Chrysler, uwar Dodge da Plymouth, ita ta fi kowa zaƙewa. Daga 1969 ta fito da jerin launuka masu kashe ido da ta kira High Impact, waɗanda mai saye ke ƙara 'yan daloli kafin a fesa masa. Wani abin sha'awa shi ne launi ɗaya yakan ɗauki suna biyu. Shunayyar da Dodge ke kira Plum Crazy, ita Plymouth ke kira In-Violet. Tsanwa shar ɗin nan Sublime ce a Dodge, Lime Light a Plymouth. Ruwan lemo mai suna Go Mango shi ne Vitamin C. Ruwan hoda mai suna Panther Pink shi ne Moulin Rouge, wanda ya shigo a tsakiyar kakar 1970 kuma 'yan kaɗan ne suka yi odarsa.

Ford ya mayar da martani da Grabber Blue da Grabber Orange da Grabber Green. Chevrolet yana da Hugger Orange da Daytona Yellow.

A wancan lokacin mutane da dama sun fi zaɓar launuka masu natsuwa kamar kore mai duhu, ruwan ƙasa da ruwan zinare. Yau kuwa masu kashe idon ake rububi. To a nan kasuwa ta buɗe ƙofar algus. Mutum zai samu Challenger da aka haifa ruwan ƙasa, ya fesa mata shunayya, ya sa ta a intanet da sunan Plum Crazy. Idan ya faɗi gaskiya cewa an canza mata launi, babu laifi, kuma farashi zai daidaita da hakan. Idan ya ɓoye, mai saye ya biya kuɗin abin da bai samu ba. Masana harkar na kare kansu ne da shaidu uku: farantin kamfani, takardun mota, da jikin motar kansa. Sai ukun sun yi magana da murya ɗaya suke yarda.

Shaida ta farko: ɗan farantin ƙarfe

Kuskuren da sababbin shiga ke yawan yi shi ne neman launi a lambar shasi, wadda ake kira VIN. Lambar na bayyana ƙirar mota, shekararta da masana'antar da ta haɗa ta, wasu har da nau'in inji, amma babu launi a cikinta. Tsarin VIN mai alamomi 17 da ake amfani da shi yanzu ma sai 1981 ya fara aiki, don haka yawancin manhajojin duba VIN na waya ba sa karanta na waɗannan motoci. Launi yana kan wani faranti daban, kuma kowane kamfani da inda yake maƙala nasa.

A motocin Dodge da Plymouth, farantin yana ƙarƙashin bonet, a kan ƙarfen gefen direba. Daga ƙasa ake fara karanta shi zuwa sama. A ƙirar 1970, layin ƙasa yana ɗauke da lambar inji, ta giya da ta shasi, layi na biyu kuma da lambar fenti yake farawa. FC7 ita ce shunayya, FJ5 tsanwa, EK2 ruwan lemo na Go Mango, EV2 Hemi Orange, FY1 rawaya, FM3 ruwan hoda. Harafin farko yana nuna shekarar da launin ya fara fitowa: E na 1969, F na 1970, G na 1971. Wannan kaɗai ya isa kama ƙarya. Motar 1969 mai ɗauke da FC7 tana iƙirarin launin da ba a fara fesawa ba tukuna.

A motocin General Motors, wato Chevrolet, Pontiac, Buick da Oldsmobile, farantin na sashen Fisher Body ne, kuma yana kan bangon da ya raba inji da cikin mota. A Camaro ƙirar 1969 ana ganin lamba biyu kusa da haruffan PNT, ta farko ta jikin mota, ta biyu ta rufi. Idan aka ga 72 72, motar Hugger Orange ce sama da ƙasa. Idan 72 B ne, jikin ruwan lemo ne, rufin kuma baƙar leda. Lamba 76 Daytona Yellow ce, 71 LeMans Blue, 10 Tuxedo Black. Ita wannan 72 ɗin a Pontiac sunanta Carousel Red, launin da GTO Judge ta 1969 ta yi suna da shi, duk da cewa ido ruwan lemo yake gani.

A motocin Ford, farantin yana gefen ƙofar direba, kusa da makulli, kuma daga 1970 ya koma sitika. Harafi ɗaya ko lamba ɗaya ce ke nuna launi. M ita ce Wimbledon White, A Raven Black, R a 1968 kuwa Highland Green, launin motar Bullitt. Idan gurbin launin babu komai, alama ce ta cewa odar musamman aka yi, aka fesa launin da ba ya cikin jerin shekarar.

Inda farantin ke yaudara

Tarko na farko shi ne shekara. Ford ya riƙa sake amfani da haruffansa. Harafin J a Mustang ta 1965 ja ne mai suna Rangoon Red, amma a 1970 shuɗi ne mai suna Grabber Blue. Wanda ya rubuta harafin kawai a Google ba tare da shekara da sunan kamfani ba zai iya samun amsar da ta yi hannun riga da gaskiya.

Tarko na biyu shi ne farantin kansa yana ciruwa. Na Ford a jikin ƙofa yake, ƙofa kuwa tana cikin abubuwan da aka fi canzawa bayan haɗari. Ƙofar da aka ciro daga wata mota takan zo da farantin waccan motar. Maganin haka shi ne a gwada lambar shasin da ke kan farantin da wadda aka buga a ƙarfen cikin ɗakin inji, da kuma wadda ke kan dashbod ana hango ta ta gilashin gaba a motocin 1968 zuwa sama. Na Dodge da Plymouth da sukuru biyu kawai aka ɗaure shi, ko yaro zai iya kwancewa. Na Camaro ta 1969 ba ya ɗauke da lambar shasi, don haka ana duba wasu alamomin: haruffan masana'anta, kamar NOR na garin Norwood a jihar Ohayo, da lambar lokacin haɗawa, kamar 04C da ke nufin mako na uku na watan Afrilu. Dole su dace da jerin lambar shasin motar.

Akwai kuma masu buga sabon faranti. Wasu don maye gurbin wanda tsatsa ta cinye suke yi, wasu don su ba mota launin da ba nata ba. Masu bincike kan ɗauki hoton farantin dab da dab, su faɗaɗa shi a waya, su gwada siffar haruffan, tazarar da ke tsakaninsu da irin ƙusoshin da aka kafa shi da su, da na wasu motocin da suka fito daga masana'anta ɗaya a mako ɗaya. A wannan aikin kyamarar waya na da amfani ƙwarai, domin siffa ake nema, ba launi ba.

Shaida ta biyu: takarda

Lokacin da mota ke tafiya a layin haɗawa, akwai takardar da ke bin ta tana gaya wa ma'aikata abin da za su saka mata. Idan an gama, sau da yawa sai su cusa ta a wani lungu na motar. Shi ya sa har yau masu gyaran Dodge da Plymouth ke samun irin wannan takarda a cikin sifirin ɗin kujera, ƙarƙashin kafet ko bayan akwatin dashbod. A wasu motocin General Motors a saman tankin mai ake tsintar ta. Takardar takan yi rawaya, ta yi rauni kamar busasshen ganye, amma tana ɗauke da lambar shasi da ta fenti wuri guda. Wanda ya same ta yakan ɗauki hotonta kafin ya taɓa ta sosai.

Inda babu ita, ana komawa ga rumbun bayanan kamfani, kuma a nan sa'a ta bambanta. Masu Ford sun fi kowa dace. Kevin Marti, mai kamfanin Marti Auto Works a jihar Arizona, yana da lasisin amfani da bayanan Ford na motocin 1967 zuwa sama. Mutum zai tura lambar shasi ta intanet, ya biya, a aiko masa da rahoton da ke nuna launin da motar ta fito da shi da adadin motocin da aka yi irinta. Masu Pontiac suna da Pontiac Historic Services, mai bayar da kwafin rasiɗin kamfani. Masu Chevrolet kuwa akasari babu irin wannan rumbu gare su, sai motocin da aka haɗa ko aka sayar a Kanada, inda aka adana bayanan. Katunan da Chrysler ta adana sun tsaya ne a 1967, wato kafin zamanin launukan nan masu kashe ido. Wannan ne ya sa takardar cikin kujera ta zama zinare a wurin masu Challenger da Barracuda.

Rasiɗin dila, sitikar farashi da ake mannawa a gilashi, da tsofaffin hotunan iyali duk suna ƙara wa shaidar ƙarfi.

Shaida ta uku: inda mai fenti ba ya kaiwa

Ana iya buga faranti, ana iya ƙirƙirar takarda, amma da wuya mai fenti ya kai ko'ina. Kamfani yana fesa mota ne tana tsirara, kafin a saka gilashi, kujeru, wayoyi da robobi. Mai gareji kuwa yakan rufe waɗannan da takarda ne ya fesa abin da ido ke gani. Don haka launin asali yana kwance a ƙarƙashin robar gilashi, bayan murfin cikin ƙofa, ƙarƙashin ƙarfen dokin ƙofa, bayan kujerar baya, ƙarƙashin dashbod da cikin lungunan but. Rana ba ta taɓa waɗannan wurare ba, saboda haka launinsu ya fi na waje kusa da yadda yake ranar farko.

Kowane kamfani da ɗabi'arsa. Chrysler na fesa ɗakin inji da launin jikin mota, don haka shunayyar Challenger mai baƙin ɗakin inji abar tuhuma ce. A Camaro da Mustang kuwa baƙi ne daidai. Nau'in fentin ma ya bambanta. General Motors ya yi amfani da laka, wato fentin da tina ke narkarwa ko bayan shekaru, Ford da Chrysler kuma da inamel da ake gasawa a tanda. Dukansu babu shafen nan marar launi mai sheƙi da ake yi wa motocin zamani a saman fenti, wanda bai yaɗu ba sai shekarun 1980. Gwajin mai sauƙi ne. A shafa ɗan folish a farin ƙyalle, a goga a ɓoyayyen wuri. Idan launi ya fito a ƙyallen, tsohon salo ne. Idan ƙyallen ya fito fes, akwai shafe a sama, ke nan an sake fenti.

Wani abin mamaki, fentin da ya cika kyau ma abin zargi ne. Masana'antun wancan zamani da gaggawa suke aiki, kuma fentinsu yakan zo da ɗan kaushi kamar ɓawon lemo, da ɗigo a wasu lungunan. Motar da ke sheƙi kamar madubi tun daga bonet har but, kusan tabbas hannun gareji ya bi ta kanta.

Na'urorin da ke shiga aljihu

Ta farko ita ce ma'aunin kaurin fenti, ƙaramar na'ura da ba ta kai girman waya ba. Ana ɗora bakinta a jikin mota, ta yi amfani da maganaɗisu ta auna tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe. Da maikiron take ƙirga, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Takardar A4 guda ɗaya kimanin maikiron 100 ce, kuma fentin kamfani a motocin zamani galibi tsakanin 100 ne zuwa 180. Abin da mai bincike ke nema shi ne daidaito. Idan ko'ina na ba da lambobi masu kusanci da juna sai ƙofa ɗaya ta ninka su biyu ko uku, an sake fesa ta. Idan lambar ta haura ɗaruruwa da yawa, akwai bodi-fila a ƙasa. Wasu daga cikin na'urorin na tura sakamakon zuwa manhajar waya ta Bluetooth, a adana shi sashe-sashe.

Tana da iyakarta. A mahaɗar rufi da gefen baya, masana'antun sun riƙa cike gurbi da narkakkiyar dalma, don haka lambar kan tashi a wurin ko da ba a taɓa motar ba. Ba ta kuma aiki a kan bonet ɗin faiba, irin na Challenger T/A da AAR 'Cuda na 1970.

Ta biyu ita ce siririyar kyamara mai doguwar igiya da fitila a bakinta, wadda ake jonawa a waya ta USB. Ana zura ta cikin ƙofa ko bayan fenda a ga tsohon launi da alamun walda ba tare da kwance komai ba. Ta uku tocila ce mai hasken UV, wadda a cikin duhu kan nuna bambanci tsakanin tsohon fenti da facin da aka yi daga baya.

Ta huɗu ita ce na'urar karanta launi. Akwai ƙanana irin su Nix da Color Muse da ke haɗuwa da waya. Suna haska nasu hasken, su toshe na waje, su bayar da launin a lambobi. Suna da amfani wajen gwada wuri biyu a jikin mota ɗaya, amma fenti mai ƙyallin ƙarfe yana rikita su, domin launinsa na canzawa gwargwadon kusurwar da aka kalle shi. Manyan shagunan fenti na amfani ne da babbar yayarsu, wadda ke auna launi ta kusurwa da dama a lokaci guda, kuma kuɗinta ya kai dubban daloli.

Dalilin da ya sa hoton waya ba ya zama hujja

An ce gani ya kori ji, amma a harkar launi ganin hoto bai kori komai ba. Kyamarar waya tana yanke hukunci da kanta kafin ta nuna hoto. Tana ƙiyasta wane abu ne fari a wurin ta daidaita sauran launuka da shi, tana ƙara armashin launi, tana haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya. Mota ɗaya za ta fito ja da yamma, ta fito ruwan lemo da rana tsaka. Shunayya ce ta fi shan wahala, domin sau da yawa kyamara kan mayar da ita shuɗiya. Bayan haka WhatsApp da Facebook su matse hoton, sannan ya sauka a fuskar wata wayar da ke da nata salon nuna launi, wataƙila ma mai ita ya kunna tsarin rage shuɗin haske na dare.

EV2 da EK2 dukansu ruwan lemo ne, kuma a hoto da wuya a rantse wanne ne wanne. Wanda ya sayi mota daga wata jiha ko wata ƙasa bisa launin da ya gani a hoto ya yi cinikin biri a sama. Idan dole sai an yi aiki da hoto, masu ɗauka kan sa katin ruwan toka na musamman a gefen motar, su ɗauka a inuwa da tsarin RAW, don a iya gyara hasken daga baya. Duk da haka hoton da ya fi amfani shi ne na faranti, na takarda da na lungunan mota.

Sanin lamba daban, samun launin daban

Ko an tabbatar da lambar, akwai sauran rina a kaba. Kamfanonin fenti irin su DuPont da Ditzler sun buga kundin samfurin launuka na kowace shekara, kuma ana samun hotunansu a intanet, amma takardun sun tsufa, launinsu ya juya. Sinadaran ma sun canza. Yawancin rawaya, ja da ruwan lemo na wancan zamani da sinadarin dalma aka haɗa su, wanda aka daina amfani da shi saboda illarsa ga lafiya. Wannan ya sa duk mai goge tsohon fenti da samfefa ke buƙatar rufe hanci da baki da abin kariya mai inganci. Ƙyallin ƙarfen da ake zubawa a fentin yau ma ya sha bamban da na da.

Sunan ma yana iya ruɗarwa. Dodge ya dawo da Plum Crazy, Sublime da Go Mango a sababbin Charger da Challenger, Ford ya dawo da Grabber Blue, amma haɗin na zamani ne kuma lambobinsu daban. Ƙwararren mai fenti yakan fesa gwaji a ɗan ƙarfe, ya kai shi kusa da ɓoyayyen wurin da ke da fentin asali, ya duba a rana, ya sake dubawa a hasken fitila. Launi biyu na iya zama ɗaya a ƙarƙashin wani haske su rabu a ƙarƙashin wani.

Abin da mai sayen tokunbo zai ɗauka

Da wuya a ci karo da Barracuda ta 1970 a titin Kano ko Maraɗi, amma tambayar da masu gwanjon Amurka ke yi ita ce dai ake yi wa dillali a nan idan ya ce mota fes bodi ce. Motoci da yawa da ke shigowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin haɗari irin su Copart, aka gyara, aka fesa. Hanyar binciken kuma ɗaya ce. A motocin Toyota, sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba tana da haruffan C/TR, kuma alamomi ukun da ke biye su ne lambar fenti: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Honda ma a wurin take sa tata. Sai a gwada da launin da ke rubuce a takardun mota, a ɗaga robar ƙofa da kafet ɗin but a leƙa, a bi jikin da ma'aunin kauri idan akwai.

Sake fenti ba aibi ba ne, kuma motar da aka canza wa launi tana iya yin shekaru tana aiki lafiya. Abin da binciken ke hanawa shi ne mutum ya biya kuɗin fentin kamfani a ba shi na gareji. Minti goma da tocila, waya da sanin inda za a duba sun isa su nuna wanne ne a gabansa.